Tsohon Masallacin Dandaji Ya Zama Ɗakin Karatu na Kowa da Kowa

Dandaji gari ne na manoma da masu kiwo a gundumar Ilela, cikin jahar Tawa. Mutanensa sun kai kamar 3,000. Wanda ya shiga garin zai ga manyan gine-gine biyu na ƙasa kusa da juna, da fili tsakaninsu. Ɗaya sabon masallacin Juma'a ne, mai ɗaukar mutum 1,000. Ɗayan kuwa tsohon masallaci ne, amma an bar yin salla a cikinsa. Inda sahu yake a da, an jera kantocin littattafai da wuraren zama. A shekarar 2018 aka gama aikin, ya zama ɗakin karatu na gari.

An shirya ɗakin don yaro da babba, mace da namiji, ɗan makarantar boko da almajirin allo, da manomin da ya koyi baƙaƙe yana da furfura. Ban da aron littafi, an tanadi wuraren koyon karatu da rubutu na manya, da koyon lissafin kuɗi, da zaman koyon sana'a. Labarin ya shafi duk wanda ya taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci, ko garinsu yana nesa da Adar.

Yadda ginin ya tsira

Tsohon masallacin aikin Alhaji Falke Barmu ne, babban maginin nan na ƙasar Adar. Shi ne ya gina masallacin Yama, kusa da Badagishiri, wanda aka fara a 1962. Mutanen Yama da kansu suka yi aikin: wasu na yin tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. A 1975 aka sake masa rufi, daga baya aka ɗaga masa hasumiya huɗu. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafiya kyau a ƙasashen Musulmi. Masana na zuwa daga nesa don su ga abin da hannun mutanen karkara ya yi da ƙasa da ruwa.

Na Dandaji kuwa ya tsufa, ruwan sama ya ci bangonsa, jama'a kuma sun yi masa yawa. Shawarar farko ita ce a rushe shi a yi sabo. Sai wasu mata biyu masu zanen gini suka shigo cikin maganar: Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar, da Yasaman Esmaili 'yar ƙasar Iran. Suka ce a gina sabon masallaci a gefe, tsohon kuma a gyara shi a ba shi wani aiki. Da tsohuwar zuma ake magani. Aka nemo maginan da suka san ginin tun farko, suka gyara bango da rufi. Sabon masallacin kuma da ƙasar wurin aka yi shi, ana matse ta cikin inji tana fitowa tubali mai ƙarfi. Ginin ƙasa ya fi na siminti sanyi lokacin bazara, kowane manomi ya san wannan. Mai karatu kuwa ba ya daɗewa a ɗakin da ke gasa shi.

Aka sa wa wurin suna Hikima. An ɗauko sunan daga Baitul Hikima na birnin Bagadaza, inda malamai suka riƙa taruwa sama da shekara 1,000 da suka wuce, zamanin halifa Ma'amun. Can suna fassara littattafan magani da na taurari da na lissafi zuwa Larabci, kuma ba su ga wannan ya saɓa wa addininsu ba. A Dandaji ma haka aka nufa: mutum ya fito daga salla ya ratsa fili ya shiga karatu. Aikin ya samu lambobin yabo a ƙasashen waje a 2017 da 2018.

Karatu yana gudu

Me babban mutum zai yi da ɗakin karatu? Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya san amsar. Ana buɗe aji da rani, bayan an gama kaka. A yi wata huɗu ko biyar ana fama da baƙi da wasali. Mutum ya fara haɗa kalma, ya rubuta sunansa da na garinsu, ya ji daɗi. Sai hadari ya taso. Malami ya tafi, allo ya koma kusurwa, kowa ya ɗauki kalme da hauya. Daga shuka zuwa noman farko, zuwa maimai, zuwa girbi, babu takarda ko ɗaya da ta ratsa hannunsa. In rani ya kewayo ya buɗe littafi, sai ya ga baƙaƙen sun zama baƙi gare shi. Wasu kunya ta hana su komawa aji. Su ce kansu ya bushe, karatu ba nasu ba ne.

Kai bai bushe ba. Hanyar da ba a bi ce ciyawa ke rufewa.

Hukuma ta daɗe da gane wannan. An kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci ta Nijar a 1963. Ba a jima ba aka ga koyarwa kaɗai ba ta isa, sai an ba wanda ya koya abin da zai riƙa karantawa. Don haka aka fito da jaridun karkara irin su Ganga, da Sabon Ra'ayi, da Muryar Damagaram. Daga baya aka riƙa kai akwatunan littattafai ƙauyuka, a damƙa wa wani wanda ya yi zarra a aji ya riƙa ba da aro.

A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyukan Doso da Damagaram. Manya sun yi ajin yaƙi da jahilci kamar kullum, amma a wasu ƙauyukan an haɗa musu da koyon rubuta saƙo da salula. Da aka koma bayan watanni aka gwada su, sai aka tarar waɗanda suka koyi salula sun fi riƙe lissafinsu. Dalili a fili yake: suna aiki da shi tsakanin aji da aji, suna rubuta wa ɗan'uwa da ke ci-rani, suna tambayar farashi. Ɗakin karatu na gari wannan aikin yake yi, har ya fi, domin a can mutum zai samu abin karantawa mai tsawo, ya kuma samu wanda zai tambaya in kalma ta gagare shi.

Har yanzu a ƙasar nan, cikin manya goma ba a samun huɗu da suka iya karatun boko, a cikin mata kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Saboda haka duk wanda ya koya ya manta, hasara ce babba ga gidansu da garinsu.

Rabon yara

Makarantar Dandaji ba yaran garin kaɗai take ɗauka ba, har da na ƙauyukan kewaye. Irin waɗannan yara kowa ya san halin da suke ciki. Littafi ɗaya yara da yawa ke rabawa a aji, kuma ba a zuwa da shi gida. A gida babu tebur, babu haske. Yarinya ta dawo ta tarar da daka da ɗiban ruwa, yaro ya tarar da awaki na jiran ciyawa. Mai shirin jarrabawa yana bukatar wuri mai inuwa da shiru, inda ba za a aike shi ba har ya gama shafi. Wannan shi ne abu na farko da ɗakin karatu ke ba ɗan makaranta.

Ƙananan da ba su isa makaranta ba su ma suna da rabo. A ɗakunan karatu na gari akan ware musu lokaci, a shimfiɗa tabarma, wani babba ya buɗe littafi mai hotuna ya karanta da ƙarfi. Yaro ya ga raƙumi a takarda, ya ga ana bin wasu zane-zane da yatsa ana fitar da magana. Tun nan yake gane takarda tana magana. Ran da ya shiga aji ba zai ji tsoron littafi ba. Akan bi da ka-cici-ka-cici, da gasar karatu, da zane. Iyayen da suka ga yaro na wasa a can kada su ce ɓata lokaci ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Samari kuwa da wasa ake kamo su. Inda aka ajiye dara a inuwar ɗakin karatu, ba a rasa jama'a. Wanda ya zo don ya ci abokinsa da dara, wata rana zai ɗaga jarida yana jiran layi. Haka wasan kwaikwayo. Mutanen ƙasar nan sun san yadda Yazi Dogo da 'yan wasan Damagaram suka riƙa sa jama'a dariya a rediyo da talabijin, suna kuma tona halin maƙaryaci da azzalumi. Samarin gari na iya shirya nasu a filin ɗakin karatu, kan auren wuri, ko kan rikicin gona da burtali. Kafin su hau fili sai sun rubuta wasan, kowa ya karanta nasa ya haddace. Karatu ya shige su ba su sani ba.

Dala a baki, faran a takarda

Cikin abin da aka tanadar wa manya a Dandaji, koyon lissafin kuɗi ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai wani tarko da ke kama sabon mai karatu a Nijar, ko da ya iya ƙirga da ka fiye da ɗan boko. Da dala muke ciniki, takarda kuwa da faran take magana. Dala ɗaya faran 5 ce. Abin da baki ya kira dala ashirin, takarda 100 take rubutawa. Dala ɗari, 500 ce a rubuce. Jika ɗaya, 1,000. Mutum ya ga an rubuta 750 a rasit, in bai saba ba sai ya ɗauka dala 750 ake nufi, alhali dala 150 ne. Sai ya raba abin da ya gani gida biyar kafin ya samu abin da ya sani. Wanda bai riƙa yin wannan kullum ba, hannunsa na rawa gaban mai awo.

Ga misali. A ce tiyar hatsi tana dala 120, wato 600 a rubuce. Babban buhu yana cin kamar tiya 40. Kuɗin buhu ke nan 24,000, jika 24. In ɗan kasuwa ya taya buhun jika 21, manomin da ya yi lissafinsa a takarda tun daga gida ya san jika 3 ake so a rage masa, wato kuɗin tiya 5. Ko ya sayar ko ya ƙi, da saninsa ya yi.

Wannan ba sabon yaƙi ba ne. Dattawan Maraɗi da Damagaram suna tune da zamanin gujiya. Manomi ya kawo kayansa kasuwa, wani ya ɗora a sikeli, wani ya rubuta, wani ya biya, shi kuwa yana tsaye yana kallo. Bayan an kafa hukumar ƙungiyoyin manoma ta UNCC a 1962, aka fara koya wa manoma su riƙe kasuwarsu da kansu: su auna, su rubuta, su biya, su raba riba. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara shiga yaƙi da jahilci, sikeli ne ya kai su.

Yau takardun sun ƙaru. Akwai littafin bankin hatsi, da na ƙungiyar taki, da takardar bashi. Akwai kuma wadda ta fi su nauyi, takardar gona. Tun dokar karkara ta 1993 aka fara kafa kwamitocin kula da filaye har cikin ƙauyuka, masu ba da shaidar saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Aro daban, jingina daban, saye daban. Kalma ɗaya ce ke raba su a takarda. Mutum ya dangwala yatsa bai karanta ba, bayan shekara goma 'ya'yansa su je karɓar gonar ubansu a nuna musu an sayar. Ɗakin karatu da ya ajiye samfurin waɗannan takardu, jama'a su zauna su karanta su layi layi ba da gaggawa ba, ya kashe shari'a tun ba ta taso ba.

Aikin gona ma yana da abin karantawa. Ƙasar Ilela ta yi suna wajen tassa. A 1989 wasu manoman yankin suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramu a faƙo da rani, a zuba taki, ruwan farko ya taru a ciki a shuka. Suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka ɗauka, faƙon da aka fid da rai da shi ya koma gona. Gani ya kori ji, gaskiya ne. Amma ba kowa ke samun motar zuwa Yatenga ba. Ƙaramin littafi mai hoto yana faɗin zurfin rami da tazararsa ga wanda bai je ba. Haka sassaben zamani da ya bazu daga Maraɗi, inda ake barin tohon itace a gona ana yi masa aski. Haka buhun nan mai ruɓi uku da ya shigo daga 2007, wanda ke kashe ƙwarin wake ba da magani ba, in dai an ɗaure kowace leda daban iska ba ta shiga. Wanda ya ɗaure ba daidai ba zai ce buhun ƙarya ne, alhali bayanin ne bai karanta ba.

Mata da makiyaya

A ƙauyuka da yawa mace ba ta da wurin zama a bainar jama'a in ba rijiya ko gidan biki ba. Masu zanen Hikima sun yi tunanin wannan, suka shirya wurin yadda mata za su samu shiga masallaci da ajin karatu duka. Mace ce ke riƙe da asusun adashi, ita ke sayar da ƙuli-ƙuli da mai, ita ke kai yaro awo. Katin allurar yaro yana da ranar komawa a rubuce. Maganin da likita ya ba da yana da adadi. In ta iya karanta waɗannan da kanta, ba sai ta jira wani ya dawo daga kasuwa ba.

Sai dai lokacin mata ba irin na maza ba ne. Da safe akwai ruwa da daka, da marece akwai tuwo. Ɗan sararin da ke tsakanin azahar da la'asar shi ne nasu. Ɗakin karatun da ke rufe a wannan lokaci ya kori mata ko bai faɗa ba. Kuma a bar su su zo da goyo. Kukan jariri bai taɓa yaga littafi ba.

Makiyayi shi ma lokacinsa daban ne. Yana nan yau, gobe ya yi arewa da dabbobi, sai kaka ta wuce. In aka ce aron littafi kwana 15 ne ga kowa, an hana shi ke nan. Kwamitin da ya san aikinsa zai ba shi aro na wata uku ko huɗu, da shaidar ardo ko mai gari. Abin da zai karanta kuwa yana da yawa. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma kare burtali da mashaya. Kowace shekara hukuma na sanar da ranar sakin gonaki. Wanda ya san abin da doka ta ce, da murya a kwance yake magana ran da aka tare masa hanya. Ga kuma maganin dabbobi da ake sayarwa a kasuwa: a jikin kwalba akwai ranar lalacewarsa, akwai adadin da za a ba babbar saniya da na maraƙi. Sau da yawa jahilcin wannan ɗan rubutu ya fi cutar kanta kisa.

Tsofaffi ba su zo hannu sake ba

Wani dattijo zai ce shi ido ya tafi, me zai yi a ɗakin karatu? Shi ne ma ake nema. Abin da ke cikin kansa babu shi a littafi ko ɗaya: wa ya sari garin, ina iyakar gonaki take a da, wace shekara aka yi wace yunwa, me aka ci aka rayu, wane icce ke maganin me. Tsohuwa kuma tana da gatana da waƙoƙin daka da na reno. An ce ba a gatana da rana, to sai a sa ta bayan isha'i, a fili, yara su kewaye ta.

Nijar ta san wannan aiki tun da daɗewa. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962 tana tara mutane su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. Marigayi Bubu Hama ya yi ta tara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da na ajami, suna ajiye a Yamai. A Yamai ɗin kuma aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a 1968. Yau salula na ɗaukar murya. Saurayin da ya gama yaƙi da jahilci zai iya zama gaban kakansa ya ɗauka, ya rubuta a hankali, a ɗinke takardun a ajiye a kanta. Garin ya samu littafinsa na farko, shi kuma hannunsa ya faɗa da rubutu.

Malaman allo ma suna da wuri. Mutane da yawa da ake ƙirgawa cikin marasa karatu suna rubuta wasiƙa da ajami, suna riƙe lissafin bashi da shi. Ɗakin da aka yi cikin tsohon masallaci bai kamata ya rasa littattafan ajami ba.

Ina littattafan Hausa?

Nan ne gizo ke saƙa. A 1986 ƙungiyar ƙasashe masu aiki da Faransanci, wadda aka aza tushenta a Yamai ran 20 ga Maris 1970, ta fara buɗe gidajen karatu da wasanni da ake kira CLAC a ƙananan garuruwa. Nijar ma ta samu nata. Gari ke ba da ɗaki da mai kula, ƙungiyar ta kawo littattafai da kayan wasa da na majigi. Sun yi wa 'yan makaranta da malamansu amfani ƙwarai. Amma yawancin littattafan da Faransanci suke. Manomin da ya koyi karatu da Hausa ya shiga ya duba kanta sama da ƙasa, ya fito da hannu biyu. A 2025 Nijar ta fita daga wannan ƙungiya, nauyin irin waɗannan gidaje ya rage ga hukuma da mutanen gari.

A shekarar 2025 ɗin kuma kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa. Magana ce babba, amma sai an gan ta a kan kanta. Littattafan Hausa suna nan. Akwai na hukumar INDRAP da na ma'aikatar yaƙi da jahilci. Akwai na ƙetaren iyaka, irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda aka buga tun kafin 1940 kuma har yau ba su gundiri kowa ba. Ɗan bambancin rubutu tsakanin na nan da na Najeriya ba ya hana karatu, kwana biyu ido ya saba. Abin da ya rage shi ne masu sayo littafi su tuna da wanda zai karanta. Littafi 50 na Hausa da ake yayi sun fi 1,000 da ƙura ta rufe.

Abin da ke kashe ɗakin karatu

Akwatunan da aka kai ƙauyuka a da, da yawa ba su yi tsawon rai ba. Gara ta ci wasu, ɗigon ruwa ya lalata wasu. Wasu an ara ba a mayar ba, har akwati ya koma wurin ajiyar tufafi. Amma babban makashi shi ne makulli. Mai riƙe da shi ya tafi ci-rani Legas ko Abijan da shi cikin aljihu, ko kuwa tsoron kada littafi ya yage ya sa ya ƙi buɗewa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Littafin da ya yage a hannun masu karatu ya yi aikinsa, sai a nemo zare da allura.

Babban gini irin na Dandaji ma bai fi ƙarfin wannan ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe, indararo yana son dubawa kafin ruwan farko, mai kula yana son abin sa wa a baki. Kyautar da aka samu a ƙasashen waje ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutanen gari ke yi, kamar yadda mutanen Yama suka ɗebo ruwa suka yi tubali.

Garin da ba shi da tsohon masallaci na mayarwa ba sai ya jira ba. Zaure ya isa, ko ajin yaƙi da jahilci, ko shagon ƙungiya. A kafa kwamiti da mace a ciki, da makiyayi, da saurayi, da malamin allo. Makulli ya zama biyu, a hannun mutum biyu da ba sa tafiya lokaci ɗaya. A sa ranakun buɗewa kowa ya sani, har da damina, ko da ran Juma'a ce kaɗai bayan an sauko. A samu littafin aro mai gida huɗu: sunan mai aro, sunan littafi, ranar fita, ranar dawowa. Kuɗin sayen sabon littafi da man fitila kuwa, tiya ɗaya daga kowane gida lokacin kaka ta fara wani abu.

Akwatin kansa na ƙarfe ya fi. Kada a ajiye shi a ƙasa ko a jingina shi da bango, nan gara ke bi. A ɗora shi bisa duwatsu huɗu, a zuba busasshen ganyen dogon yaro tsakanin littattafan, a riƙa sake shi. In damina ta wuce a fitar da su duka a kaɗe, a shanya a inuwa, a ƙirga a gaban kwamiti.